Shawara ga mai haɗa GCC daga tushensa

Duk wanda zai haɗa GCC (manhajar da ke fassara lambobin shiri na harsuna irin su C da C++ zuwa yaren na'ura) da kansa, kada ya gudanar da configure, wato umarnin da ke shirya aikin haɗawar, a cikin foldar da tushen manhajar yake. Ya buɗe wata folda dabam wadda babu komai a cikinta, domin masu GCC ɗin kansu haka suka ce a yi. Kafin nan kuma ya gudanar da contrib/download_prerequisites, wanda zai sauko da GMP da MPFR da MPC, wato laburorin lissafi da GCC ke buƙata.

Inda aka fi ɓata lokaci, a ganina, shi ne wajen karanta kuskure. Idan an yi amfani da umarnin haɗawa na make -j8, ayyuka da yawa ne ke tafiya lokaci guda, saboda haka layin ƙarshe da ya bayyana a allo sau da yawa ba shi ne asalin matsalar ba. A sake gudanar da make -j1, mai yin aiki ɗaya bayan ɗaya, a nemi kuskuren farko. Idan configure ne ya tsaya, bayanin yana cikin config.log, amma a lura cewa akwai irinsa a ƙananan foldoji da dama, kuma na wurin da aikin ya tsaya ne ake buƙata. Saƙon da ke cewa an kashe cc1plus (ɓangaren GCC mai fassara C++) yawanci ƙarancin RAM yake nufi, sai a rage adadin ayyukan.

Idan aka rasa fayil ɗin gnu/stubs-32.h a na'ura mai bit 64, ƙara wa configure zaɓin --disable-multilib yana magance shi, matuƙar ba a buƙatar manhajojin bit 32. Bayan canza zaɓuɓɓukan configure, a share foldar da ake aikin haɗawar a cikinta gaba ɗaya a fara sabo.