Yadda Ake Zaɓen Filtar Gilashin Kyamara

Kafin ka sayi filta, wato siririn gilashin da ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara, duba lambar da ke kusa da alamar ø a bakin gilashin kyamararka, kamar 58 ko 67, domin ita ce faɗinsa a milimita, sai ka nemi filta mai wannan lamba.

Idan kuɗinka na guda ɗaya ne, sayi CPL, wato filta mai rage ƙyalli. Ana juya ta a hankali har ƙyallin ruwa ko na gilashin mota ya ragu, shuɗin sama ya ƙara fitowa, aikin da gyaran kwamfuta ba ya iya yi sosai, ko da yake tana rage hasken da ke shiga.

Filtar ND, mai duhu kamar baƙin tabarau, tana dusashe haske ga mai ɗaukar bidiyo da tsakar rana. Filtar UV kuwa, wadda gilashi ce garau, kariya ce kawai daga ƙura da ƙarzuwa, kuma mai araha takan ɓata hoto.