Kafin ka biya kuɗin babbar waya a Ikeja, fita da ita rana

Sana'ata sayar da shadda da yadi ce a Agege. Asara ce ta koya mini duba waya. Wata shekara, gab da ƙaramar salla, na ɗauki hoton wata shadda ruwan toka na ɗora a sitatus. Wata Hajiya daga Idi-Araba ta gani, ta ce a kai mata yadi ashirin, na maigida da na yara. Kafin magariba sai ga yaron da na aika ya dawo da kayan a leda. Ta kira ni ta ce, "Malam, ni fa sararin samaniya na gani a hoto, wannan kuwa kalar siminti ce." Na dubi hoton, na dubi shaddar, na ga tabbas gaskiyarta. Wayar ce ta yi wa kayana rini ba da izinina ba. Tun daga ranar ban ƙara sayen waya ba sai na gwada ta da hannuna, har ta kai yanzu 'yan uwa ke jan hannuna in raka su Computer Village, babbar kasuwar wayoyi ta Ikeja. Na baya-bayan nan ɗan yayata ne, mai sayar da albasa a Mile 12, wanda ya daɗe yana tara kuɗi. Sabuwar babbar waya yau ta haura naira miliyan ɗaya, kuɗin da bai kamata a yi cinikin biri a sama da shi ba.

Ka je da hantsi, ka yi niyyar kaiwa azahar, domin kana bukatar rana mai ƙarfi. Ni nakan tafi da ƙyalle uku a aljihu: ja, fari da ruwan toka, sai hula zanna mai aiki sosai, da tsohuwar wayata don kwatantawa. Samarin da za su tare ka tun daga ƙarƙashin gada suna "Alaji, Alaji", ka gaishe su ka wuce. Shiga shago mai ƙofa da lamba, wanda idan ka dawo gobe za ka same shi a inda ka bar shi.

Fara da jikinta, kuma kada ka ɓata lokaci a kan kyan launi, bayan kwana biyu za ka saka ta a gida ka manta kalarta. Riƙe ta da hannu ɗaya ka yi kamar za ka rubuta saƙo. Ɗan yatsanka ya kai ɗaya gefen? Sai ka jefa ta a aljihun gaba na kaftani ka yi taku goma. iPhone 14 Pro Max giram 240 ce, ta 15 Pro Max da aka yi wa firam na taitaniyam a 2023 ta sauko 221, Galaxy S24 Ultra kuma tana wajen 232. A takarda bambancin ba wani abu ba ne, amma aljihun shadda mai sitati ya san shi. Game da taitaniyam ɗin, kada mai shago ya ruɗe ka: gefen ne kawai, gaba da baya gilashi ne, kuma kwalta ba ta tambayar da me aka yi firam. Shi ya sa tambayar da nake fara yi ita ce nawa ake canza sikirin ɗin wannan wayar idan ya fashe. Amsar kan sa mutum ya sake tunani, musamman a wayoyin da gilashinsu ya lanƙwasa ta gefe. Suna da kyau a ido, amma kariyar gilashi ba ta zama a kansu sosai, kuma canjinsu ya fi tsada. Su kansu Samsung sun miƙar da fuskar S24 Ultra a 2024.

In wadda aka yi amfani da ita ce, irin da suke kira Tokunbo ko ta Landan, dubi ƙananan kusoshin da ke gefen ramin caji in iPhone ce. In bakinsu ya cinye, an taɓa buɗe ta. Zare gidan sim ka haska tocila cikin ramin: akwai wata 'yar alama fara, in ta koma ja ko ruwan hoda, ruwa ya taɓa shiga. Za a ce maka ai IP68 ce, ba ta jin ruwa. Ma'anar wannan a wajen Samsung ita ce zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30, a ruwan daɗi, kuma tana sabuwa. Ruwan gishiri na bakin teku ba ya ciki, wayar da aka taɓa buɗewa ma ba ta ciki, don gam ɗin da ya toshe ta ya riga ya tashi. Yayyafin watan Yuni a tashar mota za ta jure, iyakar abin da zan sa rai ke nan. Wani abu kuma: daga iPhone 14 zuwa sama, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gidan sim kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna yin sa, ba matsala ba ce. Matsalar ita ce in ka ga ta Amurka, lambar samfurinta ta ƙare da LL/A, amma ga gidan sim a jikinta. Wani ne ya huda ta ya dasa.

Yanzu sikirin. A cikin shago kowace waya amarya ce, an ƙure mata haske, an ɗora mata hoton furanni. Ka ce da mai shagon ya haɗa ka da yaronsa ku fita bakin titi. In ya ƙi, ka yi masa sai anjima. A waje ka tabbatar hasken yana kan mai daidaita kansa, don ta haka ne kawai waya ke kai ƙarshen haskenta a rana, sannan ka buɗe rubutu, ba hoto ba. Ka iya karantawa ba tare da ka yi mata rumfa da tafin hannu ba? Kamfanoni suna auna haske da abin da suke kira nit. iPhone 14 Pro an ce tana kai 2,000 a waje, S24 Ultra 2,600. Sai dai waya ba ta daɗewa a wannan ƙololuwa, da ta ɗauki zafi sai ta rage da kanta. Don haka ka buɗe kyamara ka bar ta minti biyar a rana, ka ga ko fuskar ta dushe. Ka kuma lura da yadda gilashin ke maido maka da fuskarka kamar madubi. A nan S24 Ultra ta burge ni, don an yi wa gilashinta shafe mai rage wannan ƙyalli, kuma a idona hakan ya fi ƙarin nit amfani.

Daga rana sai duhu. Koma lungun shago, ko ka lulluɓe ta da hannun babbar riga, ka buɗe hoto baƙi ƙirin. Manyan wayoyin yanzu OLED ne, baƙinsu a kashe yake ɗungurungum. In ka ga baƙin yana ɗan haske kamar toka, an sa mata sikirin mai araha. Sai ka buɗe fari tas ka nemi inuwar madannan rubutu ko ta agogo da ta ƙone a jiki, ko wani siririn layi kore. A Samsung ka danna *#0*# a wurin kira, akwatunan gwaji za su fito, ja, kore, shuɗi, da na taɓawa. A iPhone ka shiga saiti ka nemi About, in an canza sikirin, batir ko kyamara yakan nuna tarihin a can, kuma in ka nemi True Tone, wato abin da ke daidaita launin sikirin da hasken wuri, ka rasa a saitin haske, alama ce ta canji. Ka danne wata manhaja ka ja ta zuwa kowace kusurwa, in ta kuɓuce a wani wuri, wurin ya mutu. Batun santsi kuwa, wato sikirin mai sabunta kansa sau 120 a daƙiƙa, ja shafi sama da ƙasa ka gani da idonka. Apple sun fara shi a 13 Pro a 2021, amma iPhone 15 da 16 marasa Pro suna kan 60. Akwai wanda bai damu ba, akwai wanda in ya saba ba ya iya komawa.

Ga wanda ke sayar da kaya ta waya irina, akwai tarko a nan. Wasu wayoyin suna zuwa da launin sikirin a ƙure, a Samsung sunansa Vivid. Mayar da shi Natural kafin ka yanke wa kyamara hukunci, in ba haka ba sikirin ne zai yi maka kwalliya, mai saye kuma ya ga wani abu dabam a tasa wayar.

A kan kyamara muka yi gardama da ɗan yayata. Ya nuna mini kwali ya ce, "Kawu, wannan fa megafiksel 200 ce." Na ce masa, "Kai yaro, buhun albasa ana sayensa da yawan ƙwaya ne ko da girmanta?" Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne na hoto, kuma wayar da ke da 200 ɗin, in ba kai ka canza mata ba, haɗe ɗigo goma sha shida take yi ya zama ɗaya, ta ba ka hoto mai kusan megafiksel 12. Kuma daidai ta yi, don manyan ɗigo sun fi kama haske. iPhone ta yi shekaru a kan 12 kafin ta koma 48 a 2022, ba wanda ya ce hotonta ya yi muni a lokacin. Abin da ke raba kyamara da kyamara shi ne girman na'urar da ke kama haske, da ingancin gilashin ido, da kuma abin da kwamfutar cikin wayar ke yi wa hoton bayan ka danna. Wannan na ƙarshe shi ne ya rina mini shadda.

Gwajina na farko ƙyallayen nan ne. Shimfiɗa su a inuwa mai haske, ka ɗauka, ka riƙe ƙyallen kusa da sikirin. Ja shi ne mai tona asiri: waya mai zaƙewa takan mai da shi jawur har zanen saƙar ya ɓace. Fari bai kamata ya koma ruwan omo ba, ruwan toka kuma ya tsaya a tokarsa. Maimaita a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki, don a nan yawancinmu muke ɗaukar kaya. Sai hula: ɗauke ta daga taku biyu, ka buɗe hoton da yatsu biyu. Zaren ya fito ɗaya bayan ɗaya, ko ya narke kamar an shafa masa mai?

Na biyu fatar mutum, kuma ka nemi mafi duhun fata a cikinku. Tsayar da shi ya ba rana baya, sanye da farar riga. Kyamarori da yawa a nan suke faɗuwa, ko fuska ta zama inuwa, ko a haska ta ta yi fari-fari kamar mai shafe-shafe, ko rigar ta ƙone ba a ganin aikin wuya. Matsalar sananniya ce, har Google suka fito da abin da suka kira Real Tone a Pixel 6 a 2021 don gyara ta, Tecno ma sun daɗe suna tallar cewa kyamararsu ta san baƙar fata. Talla dai talla ce, fuskar ɗan uwanka ita ce shaida. A kyamarar gaba ka kashe duk wani abin gyaran fuska tukuna. Ɗan yayata yana da zane a kumatu, wata waya ta goge masa shi tas, na ce to wannan ba kai ba ne.

Na uku zuƙowa. Danna 0.5 ko 0.6, sai 1, sai 3 ko 5, duk a kan abu ɗaya, ka ga ko launin yana canzawa daga ido zuwa ido. Waɗannan lambobin su ne idanun gaske. S23 Ultra tana da na 3 da na 10, S24 Ultra na 3 da na 5, iPhone 15 Pro Max na 5. Abin da ya wuce haka, har zuwa sau 100 da ake kuri da shi, yankan hoto ne da cikon kwamfuta. Nemi allon wani shago a ƙarshen layi ka zuƙo lambar wayar da ke jiki. In ta karantu a 10, ya ishe ka. Masu nuna maka hoton wata kuwa, a 2023 an yi ta cece-kuce da aka gano wayar Samsung kan gane wata ne ta ƙara masa zane daga abin da aka koya mata. Ban ce ba kyau ba, amma ba zan kai wa kwamitin ganin wata shi ba.

Na huɗu motsi da duhu, wanda mutane suka fi mantawa. Sa yaron shagon ya kaɗa hannu a cikin ɗaki, ka ɗauka sau biyar a jere. Nawa ne suka fito ba dishi-dishi? Wannan ne zai gaya maka yadda hoton yara zai kasance ranar suna. Yanayin dare na waya yana bukatar abu ya tsaya cak na 'yan daƙiƙu, yara kuwa ba sa tsayawa. Sannan ka ɗauki bidiyo kana tafiya, daga cikin shago zuwa rana, kana magana. Hoton ya daina rawa? Ya daidaita haske da sauri da ka fita? Saurari muryarka a cikin ƙarar janareto da hayaniyar titin Otigba na cikin kasuwar, in ta fito a nan za ta fito a ko'ina. A wadda aka yi amfani da ita, ɗauki farar takarda ka nemi ɗigon ƙura ko tabo, ka kuma kasa kunne ko kyamarar na zuzu ko hoton na karkarwa, alamar abin da ke hana rawar hoto ya lalace, galibi daga ɗaura waya a kan babur.

Abu na ƙarshe da nake yi, in tura hotunan zuwa tsohuwar wayata ta WhatsApp, don yana matse hoto, kuma abin da ya isa can shi ne abin da Hajiya za ta gani. In za ka tura wa mai saye, danna HD, ko ka aika shi a matsayin fayil. Kafin ka tura kuɗi, danna *#06#, ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali, ka tabbatar babu asusun iCloud ko na Google na wani a ciki, kuma a rubuta maka lambar a jikin rasit tare da kwanakin garanti.

Ɗan yayata bai sayi mai 200 ɗin ba. Ya ɗauki ta shekarar da ta gabata, wadda ta bar masa zanensa ta kuma nuna jan ƙyallen yadda yake, ragowar kuɗin ya sa mata gida da kariyar gilashi tun kafin mu fito daga kasuwar. Mun yi la'asar a Ikeja, muka hau jirgin ƙasa zuwa Agege, shi yana ta ɗaukar hoton rufin gidaje ta taga.