Yadda Za Ka Shirya Motarka Kafin Tafiya Arewa a Hunturu

A Legas sanyi ba ya cizo sosai, shi ya sa 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 kan tashi a Disamba da riga ɗaya. Amma da ka wuce Jebba ka nufi Mokwa, hazo da sanyin dare sai su tare ka.

1. Fara da tayar safaya. Ciro ta daga but, kai ta wurin mai faci ya duba iska. Haɗa ta da jak da sifana, ka gwada jak ɗin a gida tukuna.

2. Saka alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) na tambayar su. Idan mota ta mutu cikin hazo, aza alamar can nesa a bayanta, domin direban tirela ba ya hango ka sai ya matso, kuma tirela ba ta tsayawa nan take.

3. Wayar tayar da batir, don sanyin asuba na kwantar da batir mai rauni.

4. Bargo, rigar sanyi, tocila, jarkar ruwa da ƙyallen goge gilashi. Idan da yara, ƙara bargo.

5. Cika cajin wayarka, ka adana lambar FRSC, 122.