Darasi na Bakwai: Fatar Albasa da Ƙwayar Halitta

Masu sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas sun san albasa ciki da bai, amma akwai abin da ido bai taɓa nuna musu ba. Ku ɗauki albasa ɗaya ku yanka. A cikin kowane ɓawo akwai wata fata shara-shara kamar leda. Ku sa farce ku ɗaye ta a hankali. In aka shimfiɗa ta a ƙarƙashin madubin likita, aka ɗiga mata ruwa, sai a ga ashe ƙananan ɗakuna ne reras a jere, kowanne da bangonsa, kamar bulo a jikin gini. Ɗaki ɗaya daga cikinsu shi ake kira ƙwayar halitta.

Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana irin waɗannan ɗakuna a 1665, a jikin ɓawon itace. A 1838 Matthias Schleiden na Jamus ya ce duk tsiro da su aka gina shi. Shekara na zagayowa Theodor Schwann ya ce haka ma dabbobi. Ke nan rago da dawa da mutum, tubalinsu iri ɗaya ne. Wani mai ran ma ƙwaya ɗaya ce tal, kamar yis ɗin da ke kumbura burodin Agege.

Maganar da ta fi shafarmu ita ce ta Rudolf Virchow, wani likitan Jamus, a 1855: ƙwaya ba ta fitowa haka kawai, daga wata ƙwayar take fitowa. Ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Da haka yankan wuƙa a yatsa yake haɗewa, da haka jariri yake girma.

Mahauta, ku riƙe wannan da kyau. Nama ba ya haifar tsutsa, ƙuda ne ya sauka ya yi ƙwai. Miyar da ta kwana ta yi tsami kuwa, ƙwayoyin cuta ne suka samu shiga, zafin Legas ya taimaka musu suka yi ta rabuwa. Shi ya sa ake rufe abinci, a tafasa miya kafin a kwanta, a wanke ciwo da ruwa mai tsabta da sabulu.

Aikin gida: ku zana fatar albasa yadda muka kwatanta, ku rubuta "ƙwayar halitta" sau biyar a ƙasan zanen. Kar ku manta da lanƙwasar ƙ.