Yadda za ku kai yara kallon tsofaffin jiragen ƙasa su dawo da ilimi

Yaron da aka haifa a Aboabo ko Asawase a 'yan shekarun nan ya san mota, ya san jirgin sama da ke sauka kusa da unguwarsu, amma bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa yana shigowa Kumasi ba. Abin da ya sani game da reluwe bai wuce ragowar layin dogo da 'yan kasuwa suka baje kaya a kansa a tsakiyar gari ba. Shi ya sa nake ganin duk uba ko uwa ko malamin makaranta da ya sami damar kai yara filin da ake ajiye tsofaffin jiragen ƙasa domin tarihi, bai kamata ya bar damar ta wuce ba. Mai zuwa Ikko zai iya biyawa ta harabar reluwe da ke Ebute Metta, inda aka mayar da wani tsohon gidan manyan jami'an reluwe, wanda ake kira gidan Jaekel, ƙaramin gidan tarihi. Wanda tafiya ta kai shi Kenya kuwa, akwai gidan tarihin reluwe na Nairobi da aka buɗe a 1971 kusa da babbar tasha, inda manyan kawunan jirgi suke jere a fili. Shawarwarin da ke biye za su yi amfani a waɗannan wurare, za kuma su yi amfani a kowace tsohuwar tasha da hukuma ta ba da izinin shiga.

Shirin yana farawa ne tun daga gida, kwana biyu ko uku kafin tafiya, kuma da labari ake farawa. Yaron da bai san labarin abu ba, idan ya ga kan jirgi, tulin baƙin ƙarfe kawai zai gani, bayan minti 10 ya ce ya gaji. Ku zaunar da su bayan sallar isha'i ku gaya musu cewa a 1898 Turawan Ingila suka fara shimfiɗa layin dogo daga Sekondi, ya isa Tarkwa mai zinariya a 1901, ya isa Obuasi a 1902, sannan ya shigo Kumasi a 1903, tafiyar mil 168. Layin da ya taso daga Akra ya biyo ta Nsawam da Koforidua bai haɗu da Kumasi ba sai 1923. Daga nan ku kawo labarin gida, domin shi ne zai kama zuciyarsu. Kakanninmu fatake sun daɗe suna ɗaukar goron ƙasar Tonawa, wato Asante, a kan jakuna da kawunan 'yan alaro, su bi ta Salga, su yi watanni kafin su ga ganuwar Kano. Da jirgi ya zo, sai huhunan goro suka koma bin tarago zuwa bakin teku, daga can jirgin ruwa ya kai su Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fataucin ta ruwa daga Akra, kafin ya koma Kano a 1912, shekara guda bayan jirgin ƙasa ya isa can. Idan akwai dattijo a gidanku da ya taɓa hawa jirgin dare zuwa Takoradi, to shi ya fi cancanta ya ba da labarin, kuma idan ƙafarsa za ta iya, ku tafi da shi.

Ku nemi sanin ranakun buɗewa da kuɗin shiga kafin ku fita, ku kuma tambaya ko ana biyan wani abu dabam domin ɗaukar hoto. Idan ayarin makaranta ne, a aika takarda tun da wuri, a kuma tanadi babba ɗaya ga kowane yara 5.

Lokacin zuwa shi ne da hantsi, da zarar an buɗe ƙofa. Fili ne, inuwa kaɗan ce, kuma ƙarfen da ya sha rana zuwa azahar yana ƙona hannu. Na ga wannan a kan ɗana, wanda ya dafa matakalar wani tarago da tsakar rana, tafin hannunsa ya yi ja, sauran yinin ya ƙare da kuka, kuma laifin nawa ne da na makara wajen fitowa. Lokacin damina ciyawa tana tsawo tsakanin layuka kuma matakalai suna santsi, saboda haka rani ya fi. Kowane yaro ya sa takalmi rufaffe, domin silifa ba ta tare tsinin ƙarfe mai tsatsa ko tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layi. Doguwar riga da mayafi mai ja a ƙasa suna iya maƙalewa a ƙugiya, don haka a ɗaure su ko a sa kayan da suka kama jiki daidai. A ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake tsammanin buƙata, da abincin da ba ya lalacewa da wuri, da tabarma da buta ko da azahar za ta riske ku a can.

Kafin a shiga, a tsayar da yara a bakin ƙofa a gaya musu dokoki, a kuma sa su maimaita da bakinsu. Ba a shiga ƙarƙashin jirgi, ba a ratsawa tsakanin tarago biyu, kuma ba a hawa komai sai ma'aikacin wurin ya ce a hau. Ba a zura hannu cikin rami ko akwatin da ba a ganin cikinsa, saboda rina da kunama da maciji suna son irin waɗannan wurare da aka daɗe ba a taɓa ba. Akwai kuma wani haɗari da mutane da yawa ba su sani ba. A da ana naɗe tukunyar jirgi da asbestos domin riƙe zafi, wani farin abu ne mai kama da auduga, kuma ƙurarsa tana lalata huhu. In an ga irinsa yana leƙowa ta inda ƙarfe ya ɓule, kada kowa ya taɓa shi, a janye yara daga wurin. Wasu daga cikin waɗannan filaye suna manne da tashar da ke aiki, don haka duk layin da samansa ke ƙyalli, a ɗauka jirgi yana binsa. Yaron da ƙarfe mai tsatsa ya yanka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti ranar domin a duba batun allurar tetanus.

Da an shiga, kada a yi ƙoƙarin ganin komai. A zaɓi kan jirgi guda mai tururi a daɗe a gabansa, domin a nan ilimin yake. A fara daga baya, inda taragon kwal da ruwa yake, a nuna musu ɗakin da direba da fayaman suke tsayawa, da ƙofar murhun da fayaman ke zuba kwal da shebur tun daga tasha har tasha. Zafin wutar yana bi ta bututu masu yawa da suka ratsa cikin doguwar tukunya mai cike da ruwa, ruwan ya tafasa ya zama tururi, tururin ya shiga silinda, wato wani bututun ƙarfe mai kauri, ya tura fistin, ƙarfen da ke zirga-zirga a cikinsa, gaba da baya, sandunan ƙarfen da ke gefe kuma su mayar da wannan turi ya zama juyawar ƙafafu. Yarinyar da ta taɓa ganin murfin tukunyar wake yana rawa a kan wuta ta riga ta fahimci rabin bayanin, sai a tuna mata da shi. A sa su ƙidaya ƙafafun, su bambance manya masu ja da ƙanana masu ɗaukar nauyi da shiryar da jirgi a kwana. A nemo ƙananan bututun da ke sauka gaban manyan ƙafafu, a tambaye su amfaninsu kafin a gaya musu cewa yashi suke zubawa a kan layi domin kada ƙafa ta zame a hawa ko lokacin ruwan sama. A Nairobi akwai irin kawunan da ake kira Garratt, waɗanda tukunyarsu ke rataye a tsakiya tsakanin injuna biyu, kuma akwai taragon da zaki ya shiga ya ɗauke wani Baturen ɗan sanda a tashar Kima a 1900, labarin da ba na jin akwai yaron da zai manta da shi.

Ku sa tef ɗin awo irin na tela a aljihu. A bar yara su auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan layi biyu daga ciki zuwa ciki, a kan layin da ma'aikaci ya tabbatar ba a amfani da shi. Tsohon layin Gana da na Nijeriya milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6, tsohon na Kenya mita 1 cif, sabon layin Tema zuwa Mpakadan kuwa milimita 1,435. Daga wannan awo kaɗai yaro zai gane dalilin da ya sa tsohon jirgi ba zai iya bin sabon layi ba.

Sau da yawa za ku tarar da dattijo mai gadi ko mai zagayawa da baƙi wanda ya yi aikin reluwe da kansa. Ku koya wa yara su rusuna su ce, "Baba, sannu da aiki," sannan su yi tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai faɗa game da zafin murhu da tafiyar dare ya fi abin da ke rubuce a allo, kuma ya dace a yi masa ihsani kafin a rabu. Wayar hannu ta zauna a jaka har sai an gama zagayen, sannan a ba da minti 15 na hoto, in ba haka ba yaran za su juya wa jirgin baya tun daga farko.

Awa 2 ta isa ga yaran da ba su kai shekara 10 ba. A nemi inuwa a ci abinci, a tattara ledoji a fita da su, a ƙidaya yara a bakin ƙofa kafin a shiga mota. Da daddare a ba kowa takarda da fensir ya zana kan jirgin da ya gani, ya rubuta adadin ƙafafunsa da awon da ya samu a ƙasan zanen, sannan ya kai wa kakansa ya yi masa bayanin inda wuta take da inda ruwa yake.