Yadda na gyara rawar inji a silo a motar a-kori-kura

Motar mai fetur ce. A silo inji yana kakkarwa kamar zai mutu, amma da an taka totur sai ya daidaita. Na'urar OBD-II, wadda ake jona wa mota don karanta lambobin matsala daga kwamfutarta, ta nuna lamba biyu: P0171, wato iska ta fi mai yawa, da P0300, wato wuta na tsallakewa a silinda daban-daban.

Ban taɓa filogi ba tukuna. Da kwayil ɗaya ne, wato abin da ke tura wa filogi wuta, ya lalace, lambar za ta ambaci silindarsa, kamar P0302 ga ta biyu, sai a musanya shi da na maƙwabciyarta a ga ko lambar ta bi shi.

Abin da ya tona asirin shi ne ƙarin man da kwamfutar motar ke yi don cike giɓi. A silo ya haura kashi 20 cikin 100, da inji ya kai juyi 2,500 a minti ɗaya kuwa ya sauko ƙasa da 5. Wannan alamar iska ce ke satar shiga bayan sensar MAF, wadda ke auna iskar da ke shiga inji, ba a auna ta ba. Da famfon mai ne ya yi rauni, abin zai ƙara muni ne idan an taka.

Na hura hayaƙi cikin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silinda, inji a kashe, sai ga shi yana fitowa ta tiyon PCV mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, wanda ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Na sa sabo, na wanke bakin totur, na goge lambobin.

Sensar MAF kuma, idan za a wanke ta, a fesa mata maganin wankinta kawai, na kafireto yana lalata ta. A bar ta ta bushe kafin a mayar.