Yadda Za Ka Ci Moriyar Birkin Faifai Na Zamani A Keken Hawan Duwatsu

Babban abin da ke raunana birkin faifai mai aiki da mai shi ne zafi, kuma da yawa daga cikin gyare-gyaren da masu ƙera shi suka yi a 'yan shekarun nan na rage zafin da ke taruwa ne idan mahayi ya daɗe riƙe da birki a doguwar gangara. Saboda haka, kafin ka sauya birki ɗungurungum, fara duba faifan.

Faifai mai faɗin milimita 160 ya wadatar a hanyar da ba ta da gangara sosai, amma mai nauyin jiki ko mai saukowa daga tsauni gara ya koma 180 ko 203, domin babban faifai ya fi ƙarfin tsayarwa kuma ya fi jure zafi. Sai dai ka tabbatar girman bai wuce iyakar da masu ƙera keken suka amince ba. Kamfanin Shimano na yin faifai mai alminiyam a tsakanin ƙarfe biyu don zafin ya fita da wuri, kuma idan kaurinsa ya ragu zuwa milimita 1.5, lokacin sauya shi ya yi.

Takalmin birki iri biyu ne. Mai laushi ba ya ƙara kuma yana kamawa nan take, na ƙarfe kuwa ya fi ƙarko a laka da ruwa. A ganina mai yawan gangara ya zaɓi na ƙarfe, ya haɗa shi da birki mai fistin huɗu, wato abubuwan da ke tura takalmin ya matse faifai.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne sabar da sabon takalmi da faifai. Ka ɗauki matsakaicin gudu, ka matse hannun birki da ƙarfi har gudun ya koma kamar na tafiyar ƙafa, ka saki ba tare da ka tsaya cik ba, ka maimaita kamar sau 20. Za ka ji kamun yana ƙaruwa a yatsanka.

Game da mai kuwa, birkunan kamfanonin Shimano da Magura na amfani da man ma'adinai, birkunan kamfanin SRAM da yawa kuma suna shan wani mai da ake kira DOT, wanda ke tsotsar danshi, shi ya sa ake sauya shi a kai a kai. Kada ka taɓa gauraya waɗannan nau'o'in mai biyu, domin robobin ciki za su lalace. Idan hannun birkin ya yi laushi yana nutsewa har kusa da sitiyari, galibi iska ce ta shiga, sai a fitar da ita kafin ka sake hawa.